Wa Zai Riƙe Maka Jarinka, Kuma Nawa Zai Ci?

Ƙannena maza da mata na Wushishi da kewaye, akwai tambayar da ke yawo a tsakaninku, musamman ku da kuka fara ganin ɗan abu yana raguwa a hannu bayan an ci an sha, an biya kuɗin makarantar yara. Wani malami ne a Zungeru, wata ma'aikaciyar jinya ce a Minna, wani shinkafa ce ta karɓe shi bana a fadamar kogin Kaduna, wani kuma gado ne ya faɗo masa tun bai cika shekara 30 ba. Tambayar ita ce: in kai kuɗina ga kamfanin masu juya dukiya, su zaɓa mini inda za a sa, su riƙa ɗaukar ladansu duk shekara? Ko kuwa in sayi rabo a asusun da ke bin kasuwar hannun jari baki ɗayanta, wanda kuɗin kula da shi kaɗan ne? Ra'ayina ba ɓoyayye ba ne. Ga mafi yawanku, hanya ta biyu ta fi. Amma ba na so ku karɓa don kawai na faɗa, domin maganar tana da lunguna, kuma wasu lungunan sun fi duhu a ƙasarmu fiye da ƙasashen da aka faro wannan muhawara.

Iyayenmu ba su yi wannan tambaya ba saboda suna da tasu amsar. Wanda ya samu ya sayi saniya, ya cika rumbu, ya kama fili. Mace ta sayi zinariya ko ta shiga adashi. Har gobe waɗannan ajiya ce ta ƙwarai, kuma ba zan ce ku yar da su ba. Sai dai kun ga abin da shekarun nan suka zo da shi. 'Yan bindiga sun kora garkuna a Rafi da Mariga da Shiroro, har da ƙauyukanmu, mutumin da ya shekara 20 yana tarawa ya wayi gari ba ko maraƙi a turke. Wanda ya ce zai bar nasa a banki kuwa, hauhawar farashi ta cinye shi yana ji yana gani. A watan Disamban 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar ta kai kashi 34.8 cikin 100. Dalar da ake canzawa a hukumance kan Naira 460 da 'yan kai a farkon 2023 ta haura Naira 1,500 a 2024. Don haka matashin da ke neman wata ma'ajiya ba kwaɗayi ne ya kore shi ba, hankali ne.

Kamfanin kula da dukiya yana karɓar kuɗinka, ma'aikatansa su yi nazarin kamfanoni, su saya su sayar, da niyyar su samo maka fiye da abin da kasuwa ta bayar. Asusun bin kasuwa kuwa ba ya zaɓe. Akwai ma'aunin da ake auna tashi da saukar kasuwa da shi, wato jerin manyan kamfanoni kowanne gwargwadon girmansa. Asusun yana sayen duk abin da ke cikin jerin, ya zauna. In kasuwa ta tashi ka tashi, in ta faɗi ka faɗi. Tun da ba a biyan taron masu nazari, ba a kuma yawan saye da sayarwa, kuɗin kula da shi ba ya da yawa.

Abin da nake so ku riƙe da kyau shi ne yadda ake lissafin ladan mai kulawa. Yawancinsu ba daga riba suke cirewa ba. Daga jimillar dukiyar suke cirewa, uwa da 'ya'ya, kowace shekara. Mun san al'adar ba da kiwo: makiyayi yana shan nono, bayan wani lokaci a ba shi maraƙi. To ku ɗauka wani makiyayi ya ce shi sharaɗinsa daban ne, duk shekara zai ware shanu 2 daga kowane 100, ko sun haihu ko ba su haihu ba, ko da annoba ta shiga garken. Shekarar farko ba za ka ji zafi ba. Amma kowace saniyar da ya ware ta tafi ne tare da duk maruƙan da za ta haifa, da waɗanda su ma za su haifa.

Ga lissafin a Naira, misali ne kawai don ku ga siffar abin. Ka sa Naira miliyan 1, kasuwa tana ba da kashi 15 cikin 100 duk shekara, ka bar riba tana komawa cikin jari har shekara 30. In ba a cire komai ba, kuɗin zai kai wajen Naira miliyan 66. In ana cire rabin kashi 1 duk shekara, za ka tashi da wajen miliyan 58. In ana cire kashi 2, sai miliyan 39. Tsakanin na biyu da na uku akwai Naira miliyan 19, kusan ninki 19 na uwar kuɗin da ka fara da ita. Kai ka kawo jarin, kai ka ɗauki kasadar, kai ka yi haƙurin shekara 30, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ya kamata ya zo hannunka ya bi ta wata ƙofa. Kuma ba za ka taɓa ganin ranar da aka ce ka miƙo kuɗi ba, domin tun kafin a aiko maka da rahoto an riga an cire. Wannan shi ne ya sa mutane da yawa suke shekaru ba su san nawa suke biya ba.

Na san abin da wani zai ce: arha ba ta ado. Gaskiya ne a wurare da yawa. Takin da ya fi tsada sau da yawa ya fi kyau, gwanin tela ya fi ɗan koyo kuɗin ɗinki. Me zai hana gwanin juya kuɗi ya samo abin da zai biya ladansa har ya bar maka rara? Wannan tambaya ce mai kyau, kuma an daɗe ana gwada ta.

Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, William Sharpe, wanda ya sami kyautar Nobel a 1990, ya warware ta da lissafin da ɗan firamare zai gane, a wata gajeriyar maƙala ta 1991. Duk hannayen jarin da ke kasuwa a hannun wani suke. Masu bin kasuwa suna samun abin da kasuwa ta bayar. To ragowar, wato masu zaɓe, in aka haɗa su gaba ɗaya, su ma dole abin da kasuwa ta bayar za su samu, domin duk abin da ɗayansu ya ci daga ɗan'uwansa ya ci. In wannan ya saya a daidai, wancan ya sayar a kuskure. Kafin a cire lada, ƙungiyoyin biyu kunnen doki suke. Bayan an cire, wadda ta fi biya ita ce a baya. Ba a buƙatar masu kulawar su zama maha'inta ko marasa ilimi kafin hakan ta faru. Da yawansu haziƙai ne masu gaskiya. Matsalar ita ce da haziƙai irinsu suke ciniki.

John Bogle, wanda ya kafa kamfanin Vanguard a 1975, shi ya fara buɗe wa talakawa irin wannan asusu a 1976. Ya yi fatan tara dala miliyan 150, bai samu ba sai miliyan 11 da 'yan kai, manyan kasuwar suka yi ta yi masa dariya. Kafin ya rasu a 2019 kamfanin nan yana riƙe da tiriliyoyin daloli. Sai kuma gwajin da attajiri Warren Buffett ya yi. Ya ƙalubalanci masu juya dukiyar manyan attajirai cewa su zaɓo gwanayensu, shi kuma zai tsaya kan asusun da ke bin manyan kamfanoni 500 na Amurka, a ga wanda zai fi a shekara 10. Kamfanin Protégé Partners ya amsa, ya zaɓo asusu 5, aka sa dala miliyan 1 da za ta tafi sadaka. Daga farkon 2008 zuwa ƙarshen 2017, asusun bin kasuwa ya ƙaru da kusan kashi 126 cikin 100. Gwanayen nan, a tsakaitawa, wajen kashi 36. Ko ɗaya cikin biyar ɗin bai kamo shi ba. Kamfanin S&P kuma yana fitar da ƙididdiga a kai a kai, tana nuna cewa in aka duba tsawon shekara 15, kusan 9 cikin 10 na asusun masu zaɓen manyan kamfanonin Amurka suna ƙarewa a bayan ma'aunin kasuwa. Ana samun ɗayan nan da ya yi fice. Wahalar ita ce gane shi tun kafin ya yi, domin wanda ya zo na ɗaya bana sau da yawa ba shi ne na ɗaya baɗi ba.

Wannan labarin Amurka ne. Mu a Nijeriya muke, kuma a nan ne nake so ku ƙara natsuwa.

Ku tambayi yayyenku da suka kai shekara 45 labarin 2007 da 2008. Bayan da Babban Banki a ƙarƙashin Charles Soludo ya tilasta wa bankuna su kai jarinsu Naira biliyan 25, suka ragu daga 89 zuwa 25 a ƙarshen 2005, sai aka shiga sayar da hannun jari ga jama'a kamar ana rabon goro. Ma'aikatan gwamnati a Minna, 'yan kasuwa a Kontagora da Bida, malamai, 'yan fansho, kowa ya cike fom. Wasu bankuna ma suna ba mutum bashi don ya sayi hannun jari. Ranar 5 ga Maris 2008 ma'aunin kasuwar ya kai maki 66,371. Cikin shekara guda ya rufto zuwa wajen 20,000. A watan Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi, sabon gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna 5, aka zuba Naira biliyan 420 don kada su durƙushe. Ma'aunin nan bai sake taka inda ya kai a 2008 ba sai a watan Agustan 2023. Shekara 15 ke nan. A tsakanin, dala ta tashi daga wajen Naira 118 zuwa sama da 700.

Na kawo wannan ne don kada wani ya ce muku asusun bin kasuwa ba ya faɗuwa. Yana faɗuwa, kuma yana iya daɗewa a ƙasa. Wanda ya juye duk abin da ya mallaka a watan Maris na 2008 ya sha wuya, ko da ribar shekara-shekara da kamfanoni ke rabawa ta ɗan rage masa zafi. Amma ku lura da abu biyu. Waɗanda suka ba ƙwararru kuɗinsu a lokacin su ma ruwan bai ƙyale su ba, kuma suna cikin asarar ana ci gaba da cire lada. Na biyu, waɗanda abin ya karya har ƙasa su ne masu jarin bashi da waɗanda suka tattara komai a banki ɗaya ko biyu, wasu bankunan ma suka shuɗe da hannun jarinsu baki ɗaya. Wanda yake sa kaɗan-kaɗan duk wata a faɗin kasuwa, da kuɗinsa na kansa, ya yi shekaru yana saye da arha. Da kasuwar ta juyo, ta tashi da kashi 50 cikin 100 a 2020, kusan 46 a 2023, kusan 38 a 2024, shi ne ya girba. Duk da haka, ku auna waɗannan alƙaluma da hauhawar farashi. Ribar kashi 38 a shekarar da kaya suka tashi da kusan kashi 35, abin da ya rage a hannu ɗan kaɗan ne. Duk wanda ya nuna muku riba bai nuna muku hauhawar farashi a gefenta ba, rabin labari ya ba ku.

Asusun bin kasuwa yana nan a kasuwar hannun jari ta Legas, wadda aka kafa a 1960, yanzu ake kira NGX. 'Yan kasuwar suna ce masa ETF, ana sayen rabonsa ta hannun dillali kamar kowane hannun jari. A 2014 aka shigar da Vetiva Griffin 30, mai bin manyan kamfanoni 30, kuma Stanbic IBTC ma yana da nasa mai bin wannan ma'aunin. Sai dai namu ba su kai na Amurka arha ba, inda ake samun asusun da kuɗin kula da shi bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Akwai la'adar dillali wajen saye da wajen sayarwa. Cinikinsu kuma bai da yawa, don haka an sha ganin farashin rabo ya yi nisa da ainihin darajar abin da ke cikin asusun. Kafin ka saya, nemi darajar da kamfanin ya wallafa, ka kwatanta da farashin kasuwa. In tazarar ta yi yawa, dakata. Sannan kasuwarmu 'yan ƙalilan ne suka rinjaye ta: simintin Dangote, kamfanonin BUA, MTN, Airtel da manyan bankuna. Ka sayi kasuwa duka, amma rabo mai tsoka na kuɗinka yana hannun gidaje kaɗan. A kasuwa irin wannan, ƙarama wadda ba kowa ke bin diddiginta ba, na yarda cewa gwani na gaskiya yana da ɗan fili fiye da takwaransa na Amurka. Amma wanda ya ce shi ne gwanin, ya kawo shaida. Ya nuna abin da ya samo wa mutane cikin shekara 10, bayan cire duk wani lada, a jera da ma'aunin kasuwa haɗe da ribar da kamfanoni suka raba. In ya kawo shekara biyu masu kyau ya tsaya nan, ka san ya zaɓo ne.

Ga musulmi akwai wata tambaya da ta riga duk waɗannan. Ma'aunin manyan kamfanoni 30 yana ɗauke da bankunan kuɗin ruwa da kamfanonin giya. Wannan ba ya nufin sai ka koma hannun mai tsada. Kamfanin Lotus Capital, wanda Hajara Adeola ta kafa a 2004, ya haɗa kai da kasuwar aka fitar da ma'aunin da ke tace kamfanoni bisa ƙa'idar shari'a a 2012, sannan a 2014 aka shigar da asusun Lotus Halal mai bin sa. Akwai kuma sukuk na gwamnatin tarayya. Na farko ya fito a 2017, Naira biliyan 100, wa'adin shekara 7, kuɗin haya kashi 16.47 cikin 100 a shekara, aka sa kuɗin a aikin hanyoyi, ciki har da hanyarmu ta Suleja zuwa Minna. Da Naira 10,000 ana shiga. Wanda addininsa bai hana shi ba yana da takardar ajiya ta gwamnati da Ofishin Kula da Basussuka ya fara fitarwa a 2017, mafi ƙaranci Naira 5,000. Waɗannan ba sa buƙatar mai kulawa ko kaɗan, kuma su ne suke rage girgiza in kasuwar hannun jari ta birkice. Maganar zakkar hannun jari da tsarkake ɗan abin da ya gauraya, wannan ku kai wa malamin da ya san fannin, kada ku yanke wa kanku.

Tun da mun taɓo addini, ku tuna cewa ba wa wani jari ya juya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, dukiyarta ta ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya je fatauci Sham. Malaman fiƙihu sun tsara mudaraba, wadda Malikiyya ke kira ƙiradi: mai juyawa yana da kaso a riba, in an yi asara ba da sakacinsa ba mai jari ya rasa kuɗi, shi kuma ya rasa wahalarsa. Ba ina cewa lada tsayayye haramun ba ne, wakilci da lada sananne yana da gurbinsa. Abin lura shi ne inda zuciyar mutum take karkata. Wanda ladansa ke kan girman abin da ya riƙe, burinsa ka ƙaro kuɗi kuma kada ka cire. Zai yi wuya ya ce maka ɗebi rabi ka biya bashinka, ko ka sayi injin ban ruwa. Wanda ladansa ke kan riba kaɗai shi ma yana da tasa jarabar, yana iya shiga kasada da kuɗinka tun da in ta yi kyau da shi, in ta ɓaci kai kaɗai. Kuma akwai masu haɗa biyun, su ci a jimilla su ci a riba. Saboda haka duk wanda ya zauna da kai yana ba ka shawarar inda za ka sa kuɗi, tambaye shi cikin ladabi: ranka ya daɗe, wa ke biyanka, kuma nawa? In kamfanin da yake tallata maka ne ke ba shi la'ada, to ɗan talla ne. Talla sana'a ce, amma ka saurare shi a matsayin ɗan talla.

Akwai inda biyan ƙwararre ya dace, kuma ba na so ku yi rowa a wurin. Mahaifi ya rasu ya bar gonaki, gidaje a Minna da Abuja, kamfani, mata da 'ya'ya da yawa, wasunsu ƙanana. Ko an danƙa maka dukiyar marayu. Ko sana'arka ta girma har maganar haraji da rajista ta fi ƙarfinka. Ko kana son kafa waƙafi. A nan ka nemi lauya, akanta, masanin rabon gado, ka biya su da kyau. Amma ka biya kuɗin aikin da aka yi, sau ɗaya ko duk lokacin da buƙata ta taso. Aikin kwana uku bai cancanci kaso daga dukiyarka har ƙarshen rayuwa ba.

Hujja mafi ƙarfi da masu kulawa suke da ita, a ganina, ba ta zaɓen kamfani ba ce. Ita ce riƙe hannun mutum lokacin firgita. Mutane da yawa suna saye lokacin da kowa ke murna, su sayar lokacin da kowa ke kuka, ta haka suke cutar kansu fiye da yadda kowane lada zai cuce su. In ka san kai mai saurin razana ne, mutumin kirki da zai ce maka zauna, kada ka taɓa, yana iya cancantar ladansa. Sai dai akwai maganin da ya fi sauƙi. Ka ba bankinka umarni ya riƙa tura adadi kaza duk wata ranar da albashi ya shigo. Ka daina leƙa farashi kullum a waya. Ka rubuta wa kanka a takarda, tun hankalinka yana kwance, cewa kuɗin nan na shekara 15 ne ko 20. Kuɗin auren baɗi ko na hayar shago ba a kai su wannan kasuwa.

Da yawanku ma kuna da mai kulawa ba ku sani ba. Duk ma'aikacin da ke cikin tsarin fanshon da aka kafa a 2004, dokar 2014 ta ce a cire kashi 8 daga albashinsa, mai aiki ya ƙara kashi 10, wani kamfani yana juya kuɗin yana ɗaukar ladansa. Tun daga Nuwamban 2020 kana da ikon sauya kamfanin sau ɗaya a shekara, kuma hukumar fansho ta PenCom ta buɗe wani asusu wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa. Ga mai ƙaramin albashi, wannan asusun wataƙila shi ne jari mafi girma da zai taɓa mallaka. Ka karɓi rahotonka, ka duba ko ana zuba kuɗin da ake cire maka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali game da ku kuwa ba kamfanoni masu rajista ba ne. Su ko sun ci, kaɗan-kaɗan suke ci. Masu lashewa gaba ɗaya su ne waɗanda ke zuwa da alƙawarin ninki. MMM ta yi alƙawarin kashi 30 cikin 100 a wata, ta rufe asusun mutane a Disamban 2016. CBEX ta ce za ta ninka kuɗi cikin kwana 30, ta watse a Afrilun 2025 da dukiyar jama'a. Kuma ba baƙo ne ke kawo su gida ba. Aboki ne, ɗan'uwa ne, abokin aiki ne da aka biya shi wata biyu da kuɗin waɗanda suka shiga bayansa, ya zo da zuciya ɗaya yana so kai ma ka samu. Kun ga Buffett, wanda duniya ke kira gwanin gwanaye, abin da ya samu a tsawon rayuwarsa wajen kashi 20 ne a shekara, ba a wata ba. Sabuwar dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri ga masu irin wannan damfara, amma ɗaurin ba ya dawo da kuɗin gonar da aka sayar. Hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar jari tana da jerin sunayen dillalai da kamfanonin da ta yi wa rajista a shafinta na intanet. Takardar rajistar kamfani daga CAC ba lasisin karɓar jarin mutane ba ce. Wannan maganar rajista ta shafi manhajojin waya da ke sayar da hannun jarin ƙasashen waje su ma. Ku kuma sani, inshorar NDIC da ta kai Naira miliyan 5 a 2024 ta ajiyar banki ce, ba ta kare jarin da ka zuba a kasuwa.

Kafin duk wannan, in akwai bashi a kanka, biya shi. Ka ware abin da zai riƙe gida wata uku zuwa shida a inda hannunka zai kai da sauri. In kai manomi ne da injin ban ruwa zai ba ka noman rani, ko tela da keke na biyu zai ninka aikinta, ko ɗalibi a kwalejin Zungeru da kwamfuta za ta buɗe masa sana'a, to jarinka na farko nan ne, domin a nan kake da sanin da wani a Legas bai da shi. Abin da ya ragu bayan haka shi ake rabawa tsakanin asusun bin kasuwa da sukuk, matashi ya fi karkata ga na farko, mai shekaru ya fi karkata ga na biyu.

In ka shiga, ka buɗe asusu da dillali mai rajista, ka tabbatar an ba ka lambar CSCS da sunanka, domin a wurin CSCS ne ake ajiye shaidar mallakarka, ba a aljihun dillali ba. Ka cike fom ɗin da zai sa ribar shekara ta riƙa shiga asusunka na banki kai tsaye. Ka yi amfani da suna iri ɗaya a ko'ina, yadda yake a katin ɗan ƙasa da BVN. Ribar hannun jari da masu ita ba su karɓa ba a ƙasar nan ta haura Naira biliyan 150, kuma wani kaso nata na iyayenmu ne da suka saya a shekarun baya da sunaye mabambanta, suka sauya adireshi, ko suka rasu ba wanda ya san sun saya. Ku binciki akwatunan gida, wataƙila akwai takardun shaidar da za a iya bi. Naku kuwa, ku rubuta sunan dillali da lambobin asusu a takarda, ku nuna wa matarku ko mijinku, da wani amintacce guda a cikin dangi, inda kuka ajiye ta.